Daga Antakiya Zuwa Adiyaman: Wa Ke da Ikon Cewa a Tona Nan?

Mai shiga Antakiya ta Turkiyya daga Adana a mota sai ya bi ta Belen. Hanya takan bi gaɓar teku har Iskandarun, sannan ta juya ta kama hawan duwatsun Amanos tana lanƙwasa, ta kutsa tsakanin tsaunuka biyu, ta gangara cikin kwarin Amik. Ɗan yayata da ke karatun injiniya a Adana shi ne jagorana kuma tafintana. Da muka kai ƙololuwa sai ya ce, "Kawu, dubi hanyar nan da kyau. A makon girgizar ƙasa, motar asibiti da tirelar burodi da katafila da wanda ya taho neman uwarsa, kusan kowa ta nan ya bi. Masu gudu daga garin su ma ta nan." Filin jirgin saman Hatay kuwa titinsa ya tsage gida biyu, sai 12 ga Fabrairu aka sake buɗe shi. Tashar jiragen ruwa ta Iskandarun ta yi kwanaki tana cin wuta. Hatay, inda Antakiya take, lardi ne mai mutum sama da miliyan ɗaya da rabi, amma a ranakun da ya fi bukatar a shigo masa, ƙofarsa ba ta wuce faɗin kwalta ɗaya ba.

Na je ne bayan shekara guda da 'yan watanni da aukuwar abin. Da ƙarfe 4:17 na asubar Litinin, 6 ga Fabrairun 2023, ƙasa ta motsa a kusa da Pazarjik da ke lardin Kahramanmarash, da ƙarfin maki 7.8. Da ƙarfe 1:24 na rana, mutane na kan ɓaraguzai suna tono da hannu, ta sake motsawa a Elbistan da maki 7.5, ta ƙarasa gine-ginen da ta farko ta bari a tsaye. Larduna 11 abin ya shafa, faɗin ƙasar da ya ninka jihar Kano sau biyar da ɗoriya, mazaunin mutum wajen miliyan 14. A Turkiyya kaɗai an ƙirga mamata sama da 53,000, ban da dubbai a Siriya. Ga shi tsakiyar hunturu ne: ruwan sama a Hatay, dusar ƙanƙara a Malatiya da Elbistan.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙasa ce da ba ta shirya ba. Tun girgizar ƙasar Izmit ta 17 ga Agustan 1999, wadda ta ci mutum sama da 17,000, Turkawa ke gyara tsarinsu. A 2009 suka haɗe hukumomi uku da ke cin karo da juna suka kafa guda ɗaya mai suna AFAD, wadda a 2018 aka mayar ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Tana da ofishi a kowane ɗaya daga larduna 81. Akwai kundin shiri na ƙasa da ya raba ayyuka dalla-dalla: wa ke da ceto, wa ke da abinci, wa ke da tantuna, wa ke da binne gawa. Watanni uku kafin abin, ranar 12 ga Nuwamban 2022, har atisaye aka yi a faɗin ƙasar, wayar kowa ta yi ƙara lokaci ɗaya.

Kundin ya kasa bala'i hawa huɗu. Na farko, lardi ya ji da abinsa. Na biyu, lardunan da aka riga aka ware masa su kawo ɗauki, kuma rukunin farko na waɗannan maƙwabta ne. Na uku, ƙasa baki ɗaya. Na huɗu, a kira duniya. Tun kafin rana ta fito ministan cikin gida na lokacin, Suleyman Soylu, ya ayyana hawa na huɗu, kuma ba wanda zai ce an yi jinkirin wannan. Sai dai tsarin tsani ne, kuma matakansa biyu na ƙasa ne suka karye. Ma'aikacin AFAD na Antakiya da ya kamata ya ɗaga waya ya ce ga abin da muke bukata, ko dai yana ƙarƙashin gini, ko yana tonon 'ya'yansa. Ginin hukumar birnin Adiyaman ya rushe. Wani sashe na asibitin gwamnati na Iskandarun ya faɗa wa marasa lafiya da masu jinyarsu. Maƙwabtan da aka rubuta za su kawo ɗauki, Adana da Osmaniye da Gaziyantep da sauransu, kowa ta kansa yake yi. Layukan waya sun ɗauke, domin da yawan turakun sabis a kan rufin benaye aka kafa su, benayen kuma sun kwanta. A Ankara akwai mai ba da umarni, akwai jirage da mutane, amma garin da ya fi kowa lalacewa shi ne ya fi kowa yin shiru, don haka shi aka fi jinkirin sanin halin da yake ciki.

Tsakiyar Antakiya da na gani fili ne. An kwashe ɓaraguzai, an bar ƙasa fara fat da ƙura, nan da can wani bene ya tsaya shi kaɗai babu tagogi. Kogin Asi na tafiyarsa ta tsakiya. Kasuwa ta koma cikin kwantenoni da aka jera layi-layi, mai aski da mai gwal da mai kunafa duk a cikin akwatin ƙarfe. Na nemi a kai ni masallacin Habibun Najjar, mutumin da malaman tafsirinmu ke ambata idan sun zo kan ƙissar mutanen alƙarya a Suratu Yasin. Ƙubbarsa ta rufta, hasumiyarsa ta zube, an kewaye wurin ana aiki, kuma hukumar birnin Konya ce ta ɗauki nauyin sake gina shi.

A ɗaya daga unguwannin kwantena muka sha shayi da wani mai unguwa, dattijo mai furfurar gashin baki. A Turkiyya zaɓen mai unguwa ake yi, kuma shi ne mataki na ƙarshe a ƙasa. A samansa iko ya rabu biyu: gwamnan lardi da shugaban gunduma daga Ankara ake naɗo su, magajin gari kuwa jama'a ke zaɓa. A wancan lokaci magajin garin Hatay ɗan adawa ne. Dattijon ya ce a kwana biyun farko duk wanda aka ciro da rai a unguwarsu, maƙwabci ne ya ciro shi, da guduma da jak ɗin mota da zarton yanka rodi. Da ƙwararru suka fara isowa, baƙi ne, ba su san gari ba, kuma ko sun sani ba zai amfane su ba, domin tituna sun cike da kankare, allunan suna sun faɗi, gini ya hau kan gini. Shi ya riƙa shiga gabansu yana nuna musu: wannan tulin bene mai hawa shida ne, ɗakunan kwana ta gabas suke, a hawa na biyu akwai tsohuwa da jikokinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma a kundin shirin nan mai kauri, ba a ba shi rediyon oba-oba ba, ba a ba shi janareta ba, ba wanda ya ɗauka cewa ilimin da ke kansa kayan aiki ne.

Daga bakinsa na fahimci cewa ainihin rigimar shirya ceto ba a ofis take ba, a bakin gini take. Ga tulin kankare ashirin a layi ɗaya, a gaban kowanne dangi sun hura wuta sun zauna, kowa na rantsuwa ya ji motsin nasa. Ga injin ɗaga kaya guda ɗaya. Wa zai ce a fara da nan? Idan babu mai wannan iko wanda kowa ya yarda da shi, injin yakan tafi wurin wanda ya fi ƙarfin murya, ko ya fi kuɗi, ko ya san wani babba. An sami injin babu direba, an sami direba babu mai, an sami duka biyu suna jiran a ba su izini. Sannan akwai shiru. Kafin a saurari na ƙasa, sai an kashe janareta da katafila, an tsayar da motoci a titi, kowa ya daskare inda yake. Sai mutum ɗaya ya kifa kansa cikin rami ya ɗaga murya: "Akwai mai jin muryata?" Ya ƙara da cewa wanda ba ya iya magana ya ƙwanƙwasa. Tawaga biyu da ke aiki kusa da juna, idan ba su daidaita lokacin shirunsu ba, kowacce ta kurmantar da ɗaya. A daren cika shekara, dubban mutanen Antakiya da suka taru da ƙarfe 4:17 wannan kiran suka riƙa yi, amma a wannan karon da hukuma suke, har suka yi wa ministan lafiya da magajin gari ihu.

Mutanen da na fi jin ana yabo, tun daga Antakiya har Adiyaman, ba masu kaki ba ne. Mahaƙa kwal ne daga Zonguldak da ke gaɓar Bahar Aswad, da takwarorinsu na Soma. Sana'arsu ce shiga inda ƙasa ke neman rufta wa mutum. Maimakon su jira a ɗaga dakin daga sama, sai su huda rami ta gefe, su sassaƙa katako su giciya shi bisa juna ya zama ginshiƙi, su tokare rufin, su ja ciki su shiga. Watanni huɗu kafin nan sun binne abokan aikinsu sama da 40 da fashewar mahaƙar Amasra ta kashe. Ƙorafin da aka yi ta bugawa a jaridu shi ne da yawansu sun shirya tun safiyar ranar farko, amma jiran umarni da jiran abin hawa ya cinye musu sa'o'in da suka fi tsada. Ƙungiyoyin sa kai ma haka, har da AKUT, wadda mahaya duwatsu suka kafa a 1996 ta yi suna a 1999: doka ta ce kowa ya bi ta hannun AFAD. A ganina dokar ba wauta ba ce. Duk wanda ya taɓa ganin taron 'yan taimako a wurin da gini ya rushe a garuruwanmu ya san cewa jama'a marasa jagora kan kashe wanda suka zo ceta. Kuskuren shi ne ƙofar izini ɗaya ce tak, masu neman wucewa kuma ƙasa guda.

Baƙi daga waje sun zo da nasu tsarin, kuma ya burge ni. Ƙasashe kusan 90 suka aiko da masu ceto sama da 10,000. Yawancin ƙwararrun cikinsu suna bin ƙa'idar INSARAG, wata inuwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 1991 bayan ruɗanin da aka gani a girgizar ƙasar Armeniya ta 1988. Tawaga na sauka a filin jirgin Adana za ta yi rajista a teburin karɓar baƙi, a san yawanta da karnukanta da na'urorinta, a ba ta yanki. Babbar tawaga dole ta iya aiki a gini biyu lokaci ɗaya, dare da rana, har kwana goma, da abincinta da ruwanta da likitanta, kada ta zame wa mai gida kaya. Idan ta gama da gini sai ta fesa fenti a bango: lambar wurin, sunan tawagar, kwanan wata. Lokacin da na je akan ga irin wannan rubutu a jikin katangun da suka rage. Amfaninsa shi ne kada ɗan Holan ya ɓata yini a ginin da ɗan Koriya ya bincike jiya. To amma yi lissafi da kanka: babbar tawaga gini biyu, gine-ginen da suka rushe kuma dubun-dubata ne. Kafin baƙo ya haɗa kaya ya sauka ya ratsa Belen, sa'o'i 72 da masana ke cewa a cikinsu ake samun yawancin masu rai sun kusa ƙarewa. Wata riba dai an same ta a gefe: Girka ta aiko da mutanenta duk da tsamin dangantaka, kuma an buɗe mashigar Margara tsakanin Turkiyya da Armeniya karon farko cikin shekara 35 don motocin agaji su wuce.

Ɗan yayata ya nuna mini filin da benen Ronesans yake a da, hawa 12, gidaje wajen 250, wanda ya kwanta ta gefe ɗungurungum. A nan Christian Atsu, ɗan ƙwallon Ghana da ke buga wa Hatayspor, yake zaune. Ranar Lahadi ya ci wa ƙungiyarsa ƙwallon nasara a mintin ƙarshe, kafin asubar Litinin gini ya danne shi. Washegari aka sanar wa duniya an ciro shi da rai yana asibiti, aka yi ta murna daga Accra har Kumasi. Ashe wani aka gani aka ɗauka shi ne. Sai 18 ga Fabrairu aka sami gawarsa. Idan mutumin da duniya ta san fuskarsa zai ɓace haka a cikin lissafi, ka auna talakan da aka ɗauka a sume aka sa a jirgi zuwa asibitin Mersin ko Ankara ba tare da takarda ba. Rubuta suna, da inda aka ciro mutum, da inda aka kai shi, aikin ceto ne shi ma, sai dai ba ya fitowa a talabijin. Har yau akwai iyalan da ba su ga nasu ba, ba rai ba gawa.

Daga Antakiya muka yi arewa ta Kirikhan da Islahiye da Nurdagi, hanyar da ke bin tsagin da ƙasa ta yi. A Kahramanmarash, garin da aka sani da ayis-kirim mai danƙo, an kai mu maƙabartar da aka buɗe a bayan gari. Layuka ne iya ganinka. Da fari alluna ne na katako masu lamba, domin an umarci a ɗauki hoto da zanen yatsa da samfurin jini na duk wanda ba a gane ba kafin a rufe shi. Wannan ma sai da masu gabatar da ƙara da likitoci da limamai da ma'aikatan birni suka haɗu a wuri ɗaya.

A nan ne muhawarar soja ta taso, a shagon shayi, tsakanin mutum biyu da kowanne ya rasa 'yan uwa. Turkiyya ce ta biyu a yawan soja a NATO, kuma hedikwatar runduna ta biyu a Malatiya take, cikin yankin da abin ya faru. Ɗaya ya ce a 1999 soja ba su jira kowa ba, amma tun da aka soke yarjejeniyar EMASYA a 2010, wadda ke ba kwamanda damar fitowa cikin gari ba sai gwamna ya nema ba, sai kowa ya koma kallon sama. Ɗayan ya ce ƙasar da ta sha juyin mulki, ta kuma ga yunƙurin 2016, tana da dalilin ɗaure sojanta, kuma ma'aikatar tsaro ta musanta cewa an makara. Ban ga wanda ya rinjayi wani ba. Ni dai abin da na tsinta shi ne, igiyar da aka ɗaure soja da ita don tsoron wani sharri, ba a yi mata zargen da za a kwance da sauri ranar wani sharrin ba.

Inda tsarin ya fara kama ƙasa shi ne lokacin da aka daina jiran lardin da ya mutu ya tashi. Aka turo gwamnoni daga wasu larduna su riƙe ragamar gundumomi. Aka haɗa manyan birane da lardunan da abin ya shafa: Istanbul ta ɗauki Hatay, Ankara ta ɗauki Kahramanmarash, Izmir ta ɗauki Osmaniye. Birni ne ke da 'yan kwana-kwana da motocin haƙa da tankokin ruwa da gidan burodi, abubuwan da ma'aikatar tarayya ba ta ajiye ba. Amma zaɓe saura wata uku, manyan biranen nan uku kuma a hannun 'yan adawa suke, don haka hatta gyaran titin filin jirgin Hatay sai da aka yi cacar baki a kan wanda ya yi shi. Ranar 8 ga Fabrairu aka toshe Twitter na wajen rabin yini, alhali a nan waɗanda ke ƙarƙashin gini ke aiko da adireshinsu, matasa masu ilimin kwamfuta na tattarawa suna sa wa a taswira. Daga baya ta fito cewa ƙungiyar agaji ta Kizilay, mai alamar jinjirin wata, sayar wa ƙungiyar AHBAP tantuna ta yi a kwanakin farko, har shugabanta ya yi murabus a watan Mayu.

A Adiyaman agogon hasumiyar tsakiyar gari ya tsaya a 4:17. Mutanen garin sun ce sun yi kwanaki suna jin kamar an manta da su a taswira. A nan otal ɗin Isias ya kashe mutum 72, cikinsu har da yara 'yan makaranta daga Kubrus ta Arewa da suka zo gasar ƙwallon raga. A nan kuma, ranar 27 ga Fabrairu, Shugaba Erdogan ya amsa cewa a kwanakin farko ba a yi aiki yadda ake so ba, ya roƙi jama'a su yafe. Wasu sun yafe, wasu sun ce sai a lahira. A zaɓen watan Mayu yawancin lardunan sun sake zaɓarsa, abin da ya ɗaure wa 'yan Istanbul kai fiye da yadda ya ɗaure wa 'yan Adiyaman, waɗanda ke tambayar wa zai iya gina musu gida.

Duk wannan a ɓangaren da ke da gwamnati ne. A ƙetaren iyaka cikin Siriya, a Jindires da Idlib, 'yan sa kai masu fararen hulunan kwano kusan su kaɗai suka yi tono, ayarin Majalisar Ɗinkin Duniya na farko bai ratsa Bab al-Hawa ba sai 9 ga wata, kuma babu injin haƙa a cikinsa.

Mu ma a takarda haka muke: NEMA a sama tun 1999, hukumomin agajin jihohi a tsakiya, kwamitocin ƙananan hukumomi a ƙasa. Wanda ya ga Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024 ya san su wa suka fara ɗauko mutane daga kan rufi, kuma ya san ko matakin ƙasan nan yana nan ko babu.

A Istanbul, kafin in hau jirgin gida, na tarar maganar duk ta koma kan birnin kansa. Mutum kusan miliyan 16 ke zaune a gefen tsagin da ke ƙarƙashin tekun Marmara, kuma masana sun daɗe suna gargaɗi. A 2023 Istanbul ce ta aika da 'yan kwana-kwana da injina da likitoci. Ranar da za ta zama ita ce mai bukata, babu birnin da ya kai rabinta. Shi ya sa wasu unguwanni suka farfaɗo da tsarin 'yan sa kai na unguwa da aka fara bayan 1999: a horar da mazauna, a ajiye musu kwantena mai janareta da abin yanka rodi da diga da makara a wani fili kusa. Da yawan kwantenonin da aka ajiye a wancan karo an fasa an sace kayan, wasu filayen taruwar kuma an gina kantuna a kansu. A unguwar da na sauka an kawo sabuwa, an yi mata fenti, an kafe ta a gefen filin wasan yara. Makulli ɗaya na hannun mai unguwa, ɗaya na ofishin gunduma, kuma mazauna na neman a yanka na uku a ba mai gadin makarantar da ke kallon filin, domin shi ne ke kwana a gini mai hawa ɗaya.